Idan kamfani ya rufe rijiyar gas da ke filinka

Ƙanena da ke zaune a Amurka ya kira ni bayan sallar isha'i, ransa a ɓace. "Yaya, wata 4 ke nan ban ga kasona ba, sai wani cek na dala 80 da suka aiko." Fili gare shi, eka 80, a jihar Teksas. Ya saye shi har da haƙƙin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai rijiyar gas a ciki. Da yake na yi shekara 27 a matatar mai ta Kaduna, duk maganar mai ni yake kawo wa. Ya turo takardar hayar da ke tsakaninsa da kamfanin gas ta WhatsApp, na buga ta a wani shago a Tudun Wada, na zauna da jan biro.

A sani tun farko, wannan dokar can ce. A nan Najeriya sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya damƙa mai da gas a hannun gwamnatin tarayya, ko a tsakiyar gonarka aka same su. A Teksas kuwa mutum na iya mallakarsu ya ba kamfani haya, a riƙa ba shi kaso, da can 1 bisa 8, yanzu wasu har kwata.

Hayar na farawa da wa'adi, yawanci shekara 3 zuwa 5. Bayan nan ba ta ci gaba sai in rijiya tana fitar da abin sayarwa. To gas ba ya zama a tanki kamar ɗanyen mai, sai da bututu. Mu da muka daɗe muna jiran bututun gas na AKK, daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, mun san wannan. In babu bututu ko mai saye, sai a murɗe bawul a rufe rijiyar, kamfani ya biya ɗan abin da ake kira kuɗin rufewa, hayar ta zauna daram kamar ana haƙo.

Fara duba dalilin da takardar ta amince a rufe saboda shi. Rashin bututu daban, faɗuwar farashi daban. In ba a fayyace ba, kamfani zai iya rufewa ya zauna jiran kasuwa ta yi kyau, kai kana ƙirga watanni. Ka tuna 20 ga Afrilu 2020, ranar da farashin gangar mai a Amurka ya faɗi ƙasa da sifili. Rijiyoyi da yawa aka rufe a wannan shekarar. Duba kuma ko gas kaɗai sharaɗin rufewar ya ambata, domin in haka ne ba lallai ya shafi rijiyar mai ba.

Sai kuɗin. Tsofaffin takardu dala 1 suke sawa a kowace eka a shekara, irin ta ƙanena ke nan. Wannan ya yi kaɗan ƙwarai, kuma ana ciniki a kansa kafin a sa hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin iyaka. Na bi shafin sau 3 da biro, ban ga inda aka ce rufewar za ta ƙare ba. Ka nace a rubuta: ba za ta wuce shekara 2 a jere ba, in ta wuce haya ta mutu.

Ka riƙe ranar biya, galibi cikin kwana 90 da rufewa. Ajiye ambulan da hatimin gidan waya, domin a Teksas makara na iya kashe hayar, gwargwadon yadda aka rubuta sharaɗin. Watan da rijiyar ta daina fitarwa kuwa za ka gani a shafin intanet na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Teksas. Sunan na jirgi ne, amma mai da gas take kula da su.

Mun lissafa, cek ɗinsa ya iso cikin lokaci, ba abin kamawa. Amma yanzu kamfanin na neman izinin bi da bututu ta gefen filin. Na ce masa kada ya sa hannu sai lauyan da ya san harkar mai a can ya haɗa da gyaran wancan shafin.