Kalmar "insubordination" da "to" ɗin da muka saba faɗa

Akwai kalmar da nake so duk wanda ya sauka Ingila da bizar aiki ya san ta tun kafin ya karɓi albashin farko: "insubordination". Ma'anarta ƙin bin umarnin na gaba da kai a wurin aiki. Yaro mai taurin kai a gida ba a kiran halinsa da ita, can "disobey" ake cewa. Wannan kalmar ofis ce, ta takarda. Idan ka gan ta a wasiƙar da manaja ya miƙo maka, to magana ta yi nisa, domin hukumar Acas, mai tsara ƙa'idojin ladabtar da ma'aikata a Birtaniya, ta sa mai tsananinta cikin manyan laifukan da ake iya korar mutum a kansu nan take.

Abin da ke ja mana ita sau da yawa kara ce. An rene mu a kan ba a ce wa babba a'a. Sai shugabar gidan kula da tsofaffi ta ce ka karɓi aikin daren Asabar, ka sunkuyar da kai ka ce "to", alhali ka san ba zai yiwu ba, kana fatan za ta karanta fuskarka. Ba za ta karanta ba. Abin da za ta rubuta shi ne ka amsa, sannan ka ƙi zuwa.

Da ka ɗaga kai ka ce ba za ka iya ba, ga dalili, da ba laifi ba ne. A nan musu cikin ladabi ba raini ba ne. Laifin yana tabbata ne idan umarnin mai ma'ana ne, yana cikin aikin da aka ɗauke ka, ka kuma ƙi da gangan. Idan aka ce ka ɗaga tsohon da ba ya iya tsayuwa kai kaɗai, ba na'urar ɗagawa, ba abokin aiki, kana da ikon ƙi. Sashe na 44 na dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ya kare wanda ya ƙi aiki saboda yana ganin babban haɗari na gab da afkuwa. Amma ka faɗa a take, ka bi da imel, ka ajiye kwafinsa.

Haka batun Juma'a. Kada ka sulale a lokacin aiki, ka nemi izini a rubuce tun makon farko.

Idan har aka kira ka zaman ladabtarwa, dokar hulɗar ma'aikata ta 1999 ta ba ka damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Don Allah kada ka shiga kai kaɗai, musamman idan bizarka a hannun kamfanin take. Wanda ya rasa aikin, yawanci kwana 60 ake ba shi ya samo wani kamfanin da zai tsaya masa, ko ya tattara kayansa.