Ga mai komawa gida bayan shekaru a ƙasar waje

'Yan'uwa masu shirin komawa gida bayan shekara 20 ko 30 a Turai ko Amurka, ku fara da batun sauro. Garkuwar da jiki ya samu tun ƙuruciya tana raguwa idan mutum ya daɗe sauro mai ɗauke da cutar maleriya bai cije shi ba, shi ya sa zazzaɓi ke kayar da mai dawowa fiye da ƙaninsa da bai taɓa fita ba. A ga likita kafin tasowa don maganin rigakafi, a riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani, musamman da damina. Da zarar jiki ya yi zafi, a yi gwajin jini a ranar, kada a ce gajiyar hanya ce.

A Najeriya ba a yin rajistar layin waya sai da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, banki kuma zai nemi BVN, wato lambar tantance mai asusun banki. Yawancin kayan lantarkin Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu 230, in ba taransifoma za su iya ƙonewa.

Sai ta'aziyya, kada a yi wasa da ita. A zauna da gwaggo ko kawu su lissafo gidajen da aka yi rashi, a bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a fara ziyarar abokai.