Shawara ga masu koyar da nazarin adabi da kwamfuta

Malamai 'yan uwa a jami'o'in Legas, kada ku fara zango da Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta. Makonni biyun farko ku ba ɗalibai AntConc, manhajar ƙirga kalmomi da nazarinsu a cikin rubutu: kyauta ne, ba ya buƙatar intanet, a filashi ake raba shi, tunda wuta da data ba tabbas.

Kowa ya kawo labaran Hausa 10, ya adana a fayil ɗin rubutu zalla (.txt) da tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ, ɗ, ɓ su koma alamar tambaya. A saitin AntConc kuma a saka alamar ' cikin jerin haruffan da ake ɗauka a matsayin ɓangaren kalma, domin manhajar kan raba "jami'a" gida biyu, ƙidaya ta lalace. Su gyara shafi ɗaya da hannu, su kwatanta sakamakon da na manhajar.