Baƙin mai da juye a tsohuwar ƙaramar jif: yadda nake kula da tawa

Ƙananan jif irin su RAV4 da CR-V da Highlander da RX300 suna da dogon rai, amma idan suka haura kilomita 200,000 sai injinsu ya fara nuna hali. Ringin fistin ya saki, robobin bawul sun bushe, gaskit ya fara gumi. Motar da a da take kai wa'adin juye ba tare da manta ya ragu ba, yanzu tana iya shanye lita guda a tsakani, kuma ba za ta gaya maka ba. Shi ya sa a wurina duba yawan mai ya fi sunan kamfanin da ke jikin galan muhimmanci. Injin da ke ɗauke da mai mafi tsada amma rabin ƙa'ida, ya fi kusa da bugawa a kan wanda ke cike da matsakaicin mai.

Ni duk lokacin da na cika tanki nake duba nawa. Ka ajiye mota a wuri mai daidai, ka kashe inji, ka jira kamar minti 10 man ya koma kasko. Zaro sandar awo, goge ta da tsumma, mayar da ita har ƙarshe, sake zarowa, sannan ka karanta. A yawancin waɗannan motocin, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce. Kada ka jira jar fitilar nan mai siffar buta. Ita ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin tura shi take aunawa, kuma kafin ta kama a kan hanya ɓarna ta riga ta fara. In ta kama, ka sauka gefe ka kashe inji nan take.

Dubi kalar man da ke jikin sandar ma. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan ya kwashe datti. Abin tsoro shi ne ka gan shi ya yi fari-fari da kumfa, alamar ruwan lagireto na shiga ciki, galibi daga gaskit ɗin kan inji. Idan yana warin fetur sosai, ko yawansa na ƙaruwa da kansa, fetur ne ke tsinka shi. Waɗannan biyun juye ba ya maganinsu, sai bakanike.

Sai zaɓen mai. Lambar da za ka bi tana rubuce a murfin zuba mai ko a littafin motar. RX300 da Highlander na farkon shekarun 2000 suna neman 5W-30, CR-V ƙirar Amurka ta 2002 zuwa 2006 kuma 5W-20. Lambar farko mai harafin W tana nuna saurin gudun man da sanyin safiya, ta biyu kuma kaurinsa idan ya kai zafin digiri 100. Nan ne nake saɓa wa mutane da yawa. Da zarar mota ta tsufa sai ka ji an ce a zuba mata 20W-50, wai kauri ne ke rufe ƙara. Ƙarar tana raguwa, gaskiya ne, amma waɗannan injina suna da tsarin daidaita lokacin buɗewar bawul, VVT-i ko i-VTEC, da ke aiki da ƙarfin mai ta ƙananan hanyoyi masu siririn rariya. Mai kauri yana jinkirin hawa sama lokacin tayar da inji, kuma a daidai wannan lokacin ne ƙarafa suka fi cin juna. Idan motar na shan mai sosai kuma yanayi na da zafi, hawa mataki ɗaya ya isa, daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40. Akwai kuma man da ake yi musamman don motocin da suka wuce kilomita 120,000, mai sinadarin tausasa robobi. Yana rage gumi, amma ba ya ɗinke robar da ta yage.

A bayan galan nemi tambarin API, wato alamar matakin ingancin mai ta cibiyar man fetur ta Amurka, mai haruffa biyu. SL ta fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, kuma a injin fetur sabuwar tana maye gurbin tsohuwar. Maganar da ake yi cewa man sintetik, wato wanda ake haɗawa da sinadarai a masana'anta, yana sa tsohon inji yoyo, ni ban yarda da ita yadda ake faɗa ba. Abin da yake yi shi ne wanke dattin da ya toshe wata kafa da ta daɗe a wurin.

Wa'adi kuwa, ni kilomita 5,000 ko wata 6 nake bi, duk wanda ya riga zuwa. Littattafan motoci suna da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai wahala, kuma gajerun tafiye-tafiye, cunkoso, ƙura da jan kaya duk suna cikin na biyu. Injin V6 mai lita 3.0 da ake kira 1MZ-FE, na RX300 da wasu Highlander, ya yi suna wajen tara laka idan aka ja wa'adi, shi kuma 2AZ-FE mai lita 2.4 na wajajen 2006 zuwa 2008 an san shi da shan mai ta ringi. Wanda motarsa ke da ɗayan injinan biyun nan kada ya yi wasa.

Ranar juye, bar injin ya yi aiki 'yan mintoci don man ya yi ɗumi, ba zafin ƙuna ba. Ɗaga gaban motar ka sa ƙafafun tsayawa na ƙarfe. Jak kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa. Buɗe murfin sama, ka sa roba a ƙasa, sannan ka kwance nocin kasko. Tabbatar na inji ne, domin a wasu motocin, musamman Subaru Forester, nocin giya yana kusa, kuma an sha zubar da man giya a ƙara wa inji mai a kan mai. Bar shi ya tsane har ya koma ɗiga. Canza wosha ɗin nocin, abu ne ƙarami amma shi ke hana ɗigon da ke ɓata ƙasa. Ɗaure nocin da ƙarfin kusan Nm 40 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noci), ba da dukkan ƙarfin damtse ba, don zaren kasko ba ya jure zalunci.

Filta kowane juye ake canza ta. Idan ka cire tsohuwar, duba ko robarta ta maƙale a jikin inji; roba biyu a kan juna za su fesar da man gaba ɗaya cikin minti kaɗan. Shafa sabon mai a robar sabuwar, juya ta da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. A kan 1MZ-FE filtar tana ƙarƙashin bututun hayaƙi, sai a yi hattara da hannu.

Injin K24 na CR-V yana ɗaukar kusan lita 4.2 har da filta, 2AZ-FE na RAV4 kusan 4.3, 1MZ-FE kuma 4.7. Zuba ƙasa da haka kaɗan, tayar da inji rabin minti, leƙa ƙasa ko akwai yoyo, kashe, jira, auna, sannan ka cike. Wuce alamar sama illa ce, man yana kumfa kuma yana matsa wa robobi. Ruwan wanke inji da ake zubawa kafin juye ba na amfani da shi a motar da ban san tarihinta ba, don lakar da ya ɓalle tana iya toshe rariyar famfon mai. Gara juye biyu kusa da kusa.

Idan motar na shan mai amma babu hayaƙi mai shuɗi kuma babu ɗigo, sa a duba bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da tururin da ke taruwa a cikin inji, kafin a yi maganar buɗe inji. Rubuta kwanan wata da kilomita a takarda ka ajiye cikin mota, tare da duk litar da ka ƙara a tsakani. Tsohon man kuma a zuba shi cikin galan a kai wurin masu karɓa, kada ya shiga kwata ko ƙasa.