Yanda za ka gane lokaci da Kaza da 'ya'yanta

Abu ɗaya za ka riƙe, sauran duk bi ne: taurari suna riga agogonka da kusan minti 4 kowane dare. Duniya tana gama juyi ɗaya a awa 23 da minti 56 in da taurari aka auna, shi ne agogon da masana taurari suke aiki da shi. Minti huɗun nan ka tara su wata guda sun zama awa 2 kenan.

To ka fita inda ba hasken kuran, kan duwatsun Birni a Damagaram ko can hanyar Mirriya, ka bari ido ya saba da duhu kamar minti 20, kar ka riƙa leƙa waya. Ka nemo Kaza da 'ya'yanta, ɗan cincirindon taurarin nan da mai ido da kyau yake ƙirga shida ko bakwai. Wajen 20 ga Nuwamba tana fitowa gabas da magariba, sha biyun dare tana tsakiyar sama ta ɗan karkata arewa, to ka ga wajen 20 ga Disamba ƙarfe 10 za ta kai wurin, wajen 20 ga Janairu ƙarfe 8, haka take ta ja baya har ta ɓace a hasken rana wajen Mayu. In ba ta kai tsakiya ba sai ka miƙe hannu sosai ka dunƙula, dunƙule ɗaya kusan digiri 10 ne, sama kuma tana tafiya digiri 15 a awa, wato dunƙule ɗaya da rabi awa guda. Uku suka rage? Saura awa 2 ta kai tsakiya.

Tauraron arewa shi baya gusawa, amma a Damagaram ƙasa-ƙasa yake, kusan digiri 14, daidai da nisanmu daga ikwaita, shi yasa in hazo ya taso ko neman shi kar ka yi, wahala ce kawai.

Su masana kowane tauraro lamba biyu suke bashi, ɗaya da awa daga 0 zuwa 24, ɗaya da digiri arewa ko kudu. Ta Kaza awa 3 da minti 47, digiri 24 arewa, kana iya dubawa a manhajar taurari ta Stellarium. Zara da Gamzaki kuwa kar ka ɗora musu wannan lissafin, duniya ce guda mai kewaya rana, tafiyarta daban.