Dala ko sefa? Kurakuran masu haɗa hannu su rubuta manhaja

Na gaji da ganin ƙannenmu na Maradi suna faɗawa ramin da na faɗa. Mutum huɗu su karɓi aikin manhaja ɗaya, kowa ya shige ɗakinsa da kwamfutarsa, ran haɗa aiki a tarar da riga ɗaya ɗinkin teloli huɗu.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fara rubutu ba a daidaita kan ma'auni ba. Mu uku muka yi wa wani Alhaji mai hatsi manhajar lissafi. Ni na riƙe ɓangaren saye, ina adana kuɗi da sefa. Abokina mai ɓangaren sayarwa ya adana da dala, don da ita ake ciniki a kasuwa, dala ɗaya sefa 5. Dukanmu sunan da muka ba gurbin da manhajar ke adana adadin a ciki shi ne "kuɗi". Na kowa yana tafiya lafiya lau. Da aka haɗa, buhun geron da aka sayo 20,000 aka sayar 22,000 sai ya fito an sayar 4,400. Alhaji ya ga asara jere a allo, ya kira yaron shagonsa ya titsiye shi a gabana. Yaron na rantsuwa, ni ina zufa. Sati uku muka yi muna gyara kyauta.

Ko NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sha irin wannan: a 1999 ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter, don wasu sun yi lissafi da ma'aunin fam, wasu da na mita. Su dai ba su sa an zargi bawan Allah da sata ba.

Ni yanzu ba na taɓa kwamfuta sai mun zauna mun cika takarda guda da biro: kowane gurbi da ma'auninsa cikin sunansa, kudi_sefa, nauyi_kilo, yawan_tiya. Sefa kawai ake adanawa, dala sai wajen nuna wa mai shago.

Na biyu, kunya. Ku daina! Ƙane ya ga aikin yayansa ya saɓa tsarin da aka shata, ya ce "ya yi, Yaya", ya bar shi ya shige. Ku naɗa mutum ɗaya mai cewa a'a tun ran farko, ko shi ne autanku. Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, dubban mutane ke rubuta shi, amma kowane sashe da mai kula da shi, babban kwafin da ake tara aikin kowa kuma Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro shi, ke haɗawa.

Sauran ƙanana ne. Aika fayil ta WhatsApp da suna "na ƙarshe 2": Git, manhajar adana tarihin canje-canjen aiki da haɗa na kowa, na nan tun 2005. Abu ɗaya suna uku, wani da Faransanci, wani da Ingilishi, wani "farashi": ku zaɓi harshe guda. Riƙe aiki wata cur kafin a haɗa: ni kowace Alhamis nake haɗa namu, ko da wuta ko babu.