Yadda za ka tsare ruwan shan gidanka daga sinadaran da ba sa ruɓewa

A gidajenmu na Katsina, in ruwa ya zo ja ko da laka, kowace uwargida ta san abin yi: a jefa alif, a bari ya kwanta a randa, in da jariri a gida a tafasa. Wannan yana maganin datti da ƙwayoyin kwalara da taifot. Amma akwai wasu sinadarai da masana ke kira PFAS, waɗanda duk wannan dabara ba ta taɓa su. Ba launi gare su, ba wari, ba ɗanɗano. Ana cewa ruwa ba ya tsami banza, to wannan ko tsamin ba ya yi, sai dai ka sha ka ce alhamdulillahi.

Masana'antu ne suka ƙirƙiro su don hana abu kamawa ko jiƙewa. Suna cikin rufin kaskon suya da ƙwai ba ya manne masa, da rigar ruwa, da wasu takardun naɗe abinci mai maiƙo, da kumfar kashe gobarar man fetur. Rana ba ta karya su, ƙasa ba ta cinye su, kuma in sun shiga jinin mutum sukan yi shekaru kafin su ragu. A yankin Parkersburg na Amurka, inda kamfanin DuPont ya taɓa mallakar masana'anta, an binciki jinin mutane kusan 69,000 da suka sha gurɓataccen ruwa, aka ga alaƙa tsakanin ɗaya daga sinadaran, PFOA, da kansar ƙoda, da kansar maraina, da ciwon maƙoƙo, da hawan jinin masu juna biyu. A 2024 hukumar muhalli ta Amurka ta sa iyakar PFOA da ɗan'uwansa PFOS a ruwan sha kan nanogiram 4 a kowace lita. Wato giram ɗaya kacal cikin jarka miliyan 10 masu cin lita 25. Ka ga ba abin da ido zai gane ba ne.

Matakin farko, ka san asalin ruwanka. Da yawanmu ba mu sani ba. Na famfo daga madatsa yake zuwa, kamar Ajiwa ko Zobe ta Dutsin-Ma, mutanen Daura kuma suna da Sabke. Amma gidan da ke saye a hannun mai ga-ruwa fa? Na taɓa tambayar wanda ke kawo mana, na ce, "Malam, a ina kake ɗibowa?" Ya nuna mini wata rijiyar burtsatse da ba ta fi taku talatin daga tsohon juji ba. Shekara biyu muna sha ban taɓa tambaya ba. Ka bi kurar da ƙafarka ka gani. Wuraren da ya kamata su tsayar da kai: bola babba wadda damina ke jiƙawa, kwata mai ɗauke da ruwan masana'anta, da duk inda ake atisayen kashe gobara da kumfa, kamar filayen jirgin sama. In rijiyar tana gangaren irin wannan wuri, ka sauya inda kake ɗibar na sha da girki. Wanka da wanki ba su ne damuwar ba, don ta ciki abin ya fi shiga.

Na biyu, kada ka dogara da tafasawa a kan wannan. Ruwan ne ke tashi ya zama tururi, sinadarin ya zauna a tukunya, har ma ya ɗan ƙara kauri. Ba ina cewa a daina tafasa ruwa ba ne, ko kusa. Kwalara tana kisa cikin kwana ɗaya, a ci gaba da tafasawa. Aikinta ne daban.

Na uku shi ne matatar ruwa, kuma a nan ne ake yawan asarar kuɗi. Iri biyu ke aiki a gida. Akwai mai gawayi na musamman da aka gasa a masana'anta har ya zama duk ƙananan ramuka, sinadarin ya maƙale a ciki. Ba gawayin girki ba ne, wanda aka daka daga murhu ba zai yi ba. Akwai kuma na'urar da masu kamfanin ruwan leda ke kira RO, wadda ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata. Ita ta fi kamawa, amma ta fi tsada, tana son matsin ruwa ko lantarki, kuma tana zubar da ruwa mai yawa a gefe. Wanda ta zubar a tara shi don wanke bayi, kada a ba dabbobi ko a zuba wa alayyafo. In za ka saya, duba jikin kwalin: lambar shaidar inganci ta NSF/ANSI 53 ga mai gawayi, 58 ga RO, kuma a rubuce cewa tana rage PFOA da PFOS. Matatar kyandir da aka saba gani a kasuwa laka da ƙwayoyin cuta take tarewa, sai in akwai gawayin a cikinta. In kuɗi bai kai na gida duka ba, a fara da mai ciki da ruwan haɗa madarar jariri. Mai sayen ruwan leda kuwa, bayan ya duba lambar NAFDAC, ya tambayi mai kamfanin ko da RO yake tacewa.

Na huɗu, gwaji. Gwajin ruwa na yau da kullum ba ya duba PFAS, sai ka ambaci sunan, kuma injinsa na musamman ne. Ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma unguwa za ta iya. Ku zauna da mai unguwa da kwamitin masallaci, ku rubuta wa hukumar ruwa ta jiha kuna tambaya ko ana duba waɗannan sinadarai a ruwan famfo. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan taƙaita sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, wadda ta sa PFOS cikin jerinta a 2009, PFOA kuma a 2019, don haka tambayarku tana da madogara.

Sai abin da aka fi mantawa: gawayin matata yana cika. In ya cika ya daina kamawa, har yakan sako abin da ya tara, alhali ruwan na fitowa garau. Ranar da ka sa sabo, rubuta kwanan wata a jikinsa da alli ko biro, ka canja a lokacin da kamfanin ya ce. Tsohon kuma kada a ba yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi a wutar juji ko kusa da rijiya. A ɗaure shi a leda a ba masu kwasar shara.